Tanti Mai Ƙofa Biyu

Saura kaɗan ban rubuta wannan labari ba. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, kuma ni mutum ce da ko a tsakar gidanmu in na yi magana sai an ce, "Me kika ce, Tasalla?" Amma labarin ya fara yawo a bakin mutane, kowa na ƙara masa abin da ya ga dama. Jiya a bakin rijiya na ji wata tana rantsuwa wai kurar ta yi mini magana da muryar mutum kafin ta mutu. Ba ta yi ba. Ina wurin. Shi ya sa na zauna in faɗi yadda abin ya faru.

Mun bar Tungar Barmo tun kafin a kira assalatu, ni da Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifina. Ita ce a gaba, da bindigarta adaka a kafaɗa, da gafakar albarushi, da adda a kugu. Ni ina baya da salkar ruwa, da ƙaramar tukunya, da mashin Baba, da tantinmu a cikin jakarsa, wadda ba ta fi tsawon hannuna ba. Inna ba ta fito ba, domin tana cikin takaba. Sai dai da na zare sakatar ƙofa na ji ta yi tari sau ɗaya a ɗaki, don in san idonta biyu.

Babana, Tunau, maharbi ne. Kamar sauran maharban garinmu, in ya shiga daji a ƙasa yake kwana, a kan buzu, da wuta a wajen ƙafafunsa. A farkon zafin bana sun kwana a bakin Rafin Gora shi da abokansa. Gab da asuba wutar ta mutu. Kura ta zo, ta wuce naman gada da suka rataye a reshe, ta zo ta kama Baba a fuska yana barci. Da ƙyar suka ƙwace shi. A amalanken shanu aka kawo shi gida, an rufa masa rigarsa a kai.

Bai mutu nan da nan ba. Ya ƙi yarda kowa ya wanke masa raunin sai ni, ko Inna bai bari ta gani ba. Ba shi da bakin da zai yi magana da shi. In na gama wankewa sai ya riƙe wuyan hannuna, ya matsa, ya saki. Ranar da ya cika, hannuna yana cikin nasa. Tun daga ranar ban ƙara samun barcin kirki ba. Da na rufe ido sai abin da na riƙa wankewa ya dawo mini.

Maharban gari sun bi kurar, ba zan zalunce su ba. Sun kafa tarko, sun zuba guba a mushen akuya, sun kwana a kan itatuwa. Ba ta taɓa ko ɗaya ba. Kowa ya san sawunta, domin ƙafarta ta gaba ta hagu babu yatsu biyu, wani tsohon tarko ya cinye su. Tun daga wannan tarko ta daina cin abin da aka ajiye mata. A ƙarshe Sarkin Baka, shugaban maharba, ya tara su ya ce wannan ba dabba ba ce, mutum ne yake rikiɗa, a bar wa Allah.

Gwaggo tana tsaye a ƙofar zaure ta ji. Tun suna yara take bin kakanmu daji tare da Baba, kuma da mijinta ya rasu ta ɗauki bindigarsa ta ci gaba da harbin zabi da gada. Ta ce, "Ranka ya daɗe, mutumin da ke rikiɗa yakan yi farin kashi a kan hanya? Ni na ga kashinta da idona. Kura ce. Ku dai kun gaji."

Da ta dawo gida ta ce za ta tafi da kanta kafin damina ta sauka, domin da ciyawa ta tashi sawu ya ɓace, kurar kuma ta canja wuri. Na ce zan bi ta. Sai da na maimaita kafin ta ji. Ta dube ni tun daga kai har ƙafa, ta ce, "Ke da ko kaza ba kya iya kamawa?" Na ce zan ɗauki kaya, kuma sharaɗina ɗaya ne: ba za mu kwana a fili ba.

Na san inda zan samo tanti. A kasuwar Laraba akwai Ilu mai gwanjo, da ke kawo tsofaffin jakunkuna da takalma da tantuna. Bara na taɓa zuwa kasuwar da Baba, na ga an kafa wani ƙarami, na nuna masa. Ya yi dariya ya ce, "Na mutum biyu ne wannan. Wa zai kwana a ɗaya gefen?" Na so in ce ni. Kunya ta hana ni, muka wuce.

Da Laraba ta zo muka je ni da Gwaggo, Ilu ya baje mana su a kan tabarma. Ya fara da wani babba mai ɗaki biyu. Gwaggo ta ɗaga shi ta ajiye. "Wannan sai da jaki, ɗan nan. Ka ga jaki a bayana?"

Ya jawo wani ja jawur mai sheƙi. Ta ce, "Wannan ko makaho ya hango shi daga Rafin Gora. Farauta za mu, ba biki ba."

"Iya, ke dai ba a burge ki."

"Ka burge ni mana. Tun ɗazu kake surutu."

Ni ce na tsugunna ina taɓa su ɗaya bayan ɗaya, don ina ɗan taɓa ɗinki, hannuna ya san yadi. Wani sandunansa sun tsage, suna sakin ƙananan tsinke masu shiga fata. Wani ba shi da shimfiɗa a ƙasa, kunama sai ta shigo yadda take so. Can ƙasan tarin na samu wani mai launin busasshen ganyen kuka. Na ɗaga shi da yatsu biyu. Sandunansa na farin ƙarfe ne marar nauyi, gaɓa-gaɓa, da roba a ciki mai haɗa su. Cikinsa raga ce ta hana sauro, an ɗinke ta da shimfiɗar ƙasa, sannan akwai rufi na sama na tare ruwa. Ƙofofinsa biyu, kowane gefe da tasa.

Gwaggo ta ce, "Ƙofa biyu a ɗakin da bai fi kabari biyu ba? Ta shigowar ɓarawo da ta fitarsa ke nan."

Na ce a hankali, "Don kada in tsallake ki in zan fita."

Na sa Ilu ya kafa shi a nan cikin kasuwa, na shiga na kwanta, na miƙe ƙafa, yara suna leƙe suna dariya. Na ja zif ɗin kowace ƙofa na mayar. Na ɗaga rufin saman na duba shi a rana, babu huda. Amma siririyar ledar da aka manna a kan ɗinkunan duk ta ɓanɓare. Ilu bai ɓoye ba. Ya ce nan ne ruwa zai ɗiga, akwai wani gam da ake shafawa, shi dai ba shi da shi.

Gwaggo ta ce, "Gam na me? Salka da me muke toshe ta tun kaka da kakanni? Naɗe mana."

Wannan ne tantin da ke kaina da muka shiga daji. Mun yi sallar asuba a ƙarƙashin wata kuka, muka bar gonaki a baya, muka shiga sabara da geza. Da rana ta ɗaga ƙasa ta fara ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Daji ya bushe ƙayau, ganye na ƙara a ƙarƙashinmu kamar ana taka ƙwai. Mun ga sawun gadu inda ya durƙusa ya tona saiwa, mun ga garken bika, manyan biran nan, a kan duwatsu, babbansu yana yi mana haushi. Gwaggo ba ta tsaya wa ko ɗaya ba. Sai da la'asar ta harbi wata gada a gindin marke, ta ɗaure ƙafafunta ta saɓa.

Rafin Gora ya ƙafe, sai farin yashi da wani ɗan kududdufi a gindin dutse, inda duk dabbobin wurin ke shan ruwa. Gwaggo ta nuna mini wata ƙirya da toka a gindinta. Na san nan ne Baba ya kwana. Na tsaya ina kallon tokar har sai da ta kira ni.

A bakin kududdufin muka ga sawun. Babba ne, ya kusa tafin hannuna, da alamar farce a gaba. Na dama cikakke. Na hagu yatsu biyu kawai, sai wani dunƙulallen tabo. Na sa mashin Baba na caka tsakiyarsa har sai da ƙarfen ya nutse.

Na kafa tantin a kan tudu, nesa da kwarin rafi saboda ambaliya, nesa da busasshen reshe. Na share ƙaya da tsakuwa da hannuna, na juya ƙugunsa gabas, inda hadari ke fitowa. Ƙasar wurin tauri gare ta, sai da na buga turakun da dutse. Ina gamawa Gwaggo ta fito da wani gwangwani na kitsen rago da ta narkar tun a gida. Ta ɗumama shi a wuta, ta bi kowane ɗinki na rufin da yatsa tana shafawa, tana murzawa, kamar yadda take yi wa salka da takalmin fata. Na taya ta. Ko kaɗan ban kawo komai a raina ba.

Gadar kuwa muka farke cikinta, muka ja ta a ƙasa, muka ɗaure a wani kututture kusa da ruwa. Muka hau tsamiya muka zauna. Rana ta faɗi. Dila ya zo ya shinshina, Gwaggo ta jefe shi da ɗan tsamiya. Daga nesa can muka ji kukan kurar, yana farawa ƙasa-ƙasa ya ƙare da tashi sama. Ba ta matso ba. Sai ga hadari ya haɗo daga gabas, da iska mai ƙamshin ƙasa. Gwaggo ta ce albarushi ba ya shiri da ruwa, muka sauko muka shige tanti.

Ruwan bai daɗe ba amma ya yi ƙarfi. Tantin ya riƙa lanƙwasawa yana miƙewa. Gwaggo ta kunna tocila ta bi ɗinkunan da ido. Ko ɗigo babu.

"Ina mai gam? Gobe ki je ki gaya wa Ilu."

Ta juya ta yi barci da munshari. Ni ma, abin mamaki, barci ya ɗan ɗauke ni.

Da gari ya waye na buɗe ƙofata na sa ƙafa waje, sai na janye ta. Ruwan ya share ƙasa ya bar ta da laushi, kuma a kanta, daidai inda zan taka, ga sawu mai yatsu biyu. Na fito da rarrafe ta ƙofar Gwaggo. Sawun ya zagaye tantin, ya sake zagayewa. A gefena ya tsaya, ƙafafun gaba sun nutse sosai, alamar ta daɗe a wurin. Na duba ɗinkin da ke daidai kaina. Babu kitse a jikinsa ko kaɗan. An lashe shi tas, har zaren ya yi fari.

Muka je wurin gada. Ƙudaje ne kawai a kanta.

Gwaggo ta zauna a kan dutse, ta riƙe kai. Ban taɓa ganinta haka ba. Ta ce, "Ni da hannuna na shafa miki miya a kai. Shekara nawa ina daji, na san kura na cin takalmi saboda maiƙo, amma na ɗauki ɗakin kwananmu kamar salka. Kawo toka mu wanke shi. Yau a kan itace za ki kwana."

Ni kuwa ina kallon farin zaren nan. Tsakanin harshen kurar da fuskata yadi ne da bai kai kaurin farce ba. Haka ta tsaya a kan Baba, tana shinshina, tana zaɓar inda za ta kama.

Na ce, "Gwaggo, kitsen ya saura?"

"Me kika ce?"

"Kitsen. A ƙara masa. Ba ta cin abin da aka ajiye, mai numfashi take so. Ni zan kwanta a ciki, ke ki hau itace."

Ta miƙe tsaye. "Kin haukace? In ta ɗauke ki me zan gaya wa Innarki? In ce na kai ɗaya na dawo da rabi?"

"In muka koma haka fa, me za ki gaya wa Sarkin Baka?"

"Ke, ni za ki yi wa baƙar magana? Yaushe bakinki ya buɗe?"

"Ni na wanke raunin Baba, Gwaggo. Ke ba ki gani ba."

Ta ciro goro ta ɓantara, ta daɗe tana taunawa tana duban rafin. Sannan ta ce in dai za a yi, to yadda ta ce za a yi. A kan tudu akwai duhuwar geza, ba za ta ga abin harbi ba. Sai a sauko da tantin kan farin yashi, ƙarƙashin tsamiya, inda ko da hasken taurari baƙin abu zai fito. Tantin ba nauyi, ko kwance shi ban yi ba. Na zare turakun, muka ɗauke shi a kafe kamar kwando muka sauko da shi.

Nan na ga matsala. Turakun da jiya sai da dutse suka shiga, yau da yatsa ɗaya nake tura su cikin yashi. Na ɗora musu duwatsu, na ce ya isa. Muka shafe kitsen duka a gefe ɗaya, gefen da ke fuskantar tsamiya. Ɗaya ƙofar, ta baya, na goga wa zif ɗinta guntun kyandir, na ja na mayar har ya daina ƙara. Na ɗaura masa ɗan ƙyalle don hannuna ya same shi a duhu.

Gwaggo ta ɗura bindigarta a gabana: albarushi, tsumma, gutsattsarin ƙarfe, tsumma, tana dannawa da sanda. Ta ce, "Harbi ɗaya gare ni. In na ga kanta a fili zan sake shi. Ke dai ki lafe a gefen baya, kada ki motsa." Ta jingina mashin Baba a gindin tsamiya, don ba zai juyu a cikin tanti ba, ta ba ni wuƙa. Kafin ta hau ta kama kunnena ta murɗa, kamar yadda take mini ina ƙarama.

Ba mu hura wuta ba. Na kwanta a gefen baya, ɗan ƙyallen zif a hannun hagu, wuƙa a dama. Na karanta duk abin da na iya. Na ji mujiya, na ji kwaɗin da ruwan jiya ya tasa, na ji wani abu ya sha ruwa ya tafi. Ban san tsawon lokacin ba. Na dai ga yadin da ke samana ya fara sauyawa daga baƙi zuwa toka-toka, na ji fakara ta yi kuka can nesa. Har na fara cewa ba za ta zo ba.

Warinta ne ya fara isowa, kamar na ruɓaɓɓiyar fata. Sai kwaɗin suka yi tsit. Sai yashi ya fara ƙara, taku mai nauyi, da ɗan ɗingishi a ciki. Ba ta zo ta inda muka shirya mata ba. Ta bi ta inuwar gaɓar rafi, ta zagayo ta ƙarshen tantin, inda jikinsa ya kare ta daga tsamiya. Na ga yadin ya lotso ciki da siffar hanci. Na ji numfashinta, na ji harshenta yana kartar ɗinki kamar ana goga dutse a ƙwarya.

Ina jira in ji bindiga. Shiru.

Ina tsammani kitsen ne ya yi mata yawa a wannan karon, lasa ba ta ishe ta ba. Ta haɗa kusurwar tantin da sandarsa ta datsa. Na ji ƙarfen ya karye ƙas. Ta fizga. Turakun suka fito daga yashi kamar ba a taɓa kafa su ba, duwatsun suka gangare. Tantin da na zaɓa don rashin nauyinsa ya tafi da ni a ciki.

Ja take yi da baya, tana girgiza kai. Rufin ya faɗo mini a fuska, wuƙar ta suɓuce, yashi na gudu a ƙarƙashin bayana. Na ji yadi ya yage, sai ga kanta ya shigo ta yagewar, a wajen ƙafafuna, baki buɗe. Na naɗe ƙafafuna zuwa ƙirji. Daga sama na ji Gwaggo tana ihu, "Tasalla! Ina kike? Ta ina kike?" Ba ta iya harbi. Ni da kurar mun zama dunƙule ɗaya a cikin yadi, ba ta san wane tudu ne ni ba.

Ɗan ƙyallen nan yana hannuna har yanzu, ban sake shi ba. Na ja. Zif ɗin ya tafi sumul har ƙarshe. Na mirgina ta ƙofar baya na faɗa kan yashi, na sake mirginawa, na rarrafa. Da nauyina ya fita sai tantin ya tashi gaba ɗaya ya rufta wa kurar. Kanta na cikin raga, karyayyar sanda ta sarƙe ƙafarta, tana juyi tana gurnani. Gwaggo ba ta gan ni ba, tantin ya kare ni, har yanzu sunana take kira.

Na buɗe baki. Muryar da ta fito ban san ina da ita ba. Sai da gaɓar rafin ta amsa.

"Na fita! Gwaggo, harbe ta! Harbe ta!"

Adaka ta tashi kamar tsawa. Hayaƙi ya cika gindin tsamiya, zabi suka watse daga itatuwa. Da hayaƙin ya yaye na ga tantin a kwance yana motsi. Harbin ya karya wa kurar ƙugu. Ta yage ragar ta fito da kai, tana jan jiki da ƙafafun gaba, na baya suna biye kamar tsumma. Ba kuka take ba, wani sauti take yi ƙasa-ƙasa, tana kallona.

Gwaggo ta diro tana laluben gafakar albarushi. Ni na riga na isa gindin tsamiya. Da ta ga mashin a hannuna sai ta bar gafakar. Ta ce, "Bayan kafaɗa. Kada ki je ta gaba. Ki sa nauyinki duka."

Na zagaya ta gefen hagun kurar. Ta juyo da kai ta datsi iska, haƙoranta suka haɗu da ƙara kamar an buga duwatsu biyu. Na dubi bakin nan da kyau, don ina so in tuna shi. Sannan na kafa mashin a bayan kafaɗarta na hau kansa da ƙirjina. Ya shiga da wuya, sannan ya wuce. Ban saki ba. Na ji motsinta yana bi ta cikin sandar yana shiga hannuna, yana raguwa, yana raguwa, har ya tsaya. Ko bayan nan ban saki ba, sai da Gwaggo ta ɓanɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

Ta ɗaga ƙafar kurar ta gaba ta hagu. Yatsu biyu, da tabo. Ta sa adda ta sare ta, ta naɗe a ganye. "Wannan ta Sarkin Baka ce. In mutum ne, ya nemo mana wanda ya wayi gari ba hannu." Sauran muka bar wa ungulaye, sun riga sun fara taruwa a kan ƙirya.

Sai a lokacin na ga jini a ƙafata. Haƙorinta ya shafi dunduniyata ya tsaga takalmin. Gwaggo ta wanke ta ɗaure, tana ta faɗa, wai ni da taurin kai kamar ubana. Tana faɗan hawaye na zuba a kan ƙafata. Ta ce in bar tantin nan, ya gama aiki. Na ƙi. Na tattara shi da karyayyar sandarsa, na tono turakun da na samu, na cusa a jaka.

Mun isa gida bayan magariba, ina ɗingishi. Gwaggo ta wuce zauren Sarkin Baka da ƙunshinta. Ni na shiga ɗakin Inna na durƙusa. Na ajiye mashin a gabanta. Ta dubi ƙarfen, ta dube ni, ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta. A nan barci ya ɗauke ni, ban farka ba sai da rana ta shigo ta taga.

Da na tashi na dafa ruwa, na zuba toka da sabulu, na wanke tantin ɗinki bayan ɗinki har warin kitse ya fita. Na shanya shi a igiya. Karyayyar sandar na ɗaure ta da tsinken gora da zare. Ƙananan hudojin harbi na bi su da allura. Saura babbar yagewar, inda kanta ya shiga, wadda ba ni da yadin da zai rufe ta. Na shiga ɗakin Baba, wanda ba a buɗe ba tun rasuwarsa, na ɗauko tsohuwar rigarsa ta farauta daga kan ƙusa. Na kai wa Inna na nuna mata, ta gyaɗa kai. Na yanko bayan rigar, na shimfiɗa a kan yagewar, na ɗinke da ƙananan ɗinki, layi biyu. Da ya bushe na kafa shi a tsakar gida, na shiga ta ƙofata, na kwanta a gefena, na bar masa nasa gefen.